Sakin Talala da Tarkon Tramol: Abin da ke Jiran Wanda Ya Koma wa Ƙwaya a Matamaye

Motar da ta taso daga Damagaram ta nufi Kano ta hanyar Daura sai ta ratsa Matamaye kafin ta kai iyakar Ɗan Barto. Rake daga fadamun yankin da dabbobi suna gangarawa kudu, kayan masarufi suna haurowa arewa. A tsakanin waɗannan akwai wani kaya marar nauyi wanda ba ya bukatar buhu ko ɗan dako, domin aljihun riga ya ishe shi: ƙwayar tramol da ƴan uwanta. Matamaye ita ce hedikwatar gundumar Kance. Tana da kotu, tana da asibitin gunduma, tana da gidan kaso, kuma ƙwayar nan tana aika mutane ga dukkan ukun.

Mu ɗauki misalin matashin da ake iya samun irinsa a kowace unguwa. Yana kabu-kabu, an kama shi da ƴan katuna na tramol, alƙali ya ɗaure shi. Ya zauna lafiya a ciki, bai yi faɗa da kowa ba, bai ba masu gadi ciwon kai ba, sai aka sake shi kafin wa'adinsa ya cika bisa sharaɗin ya kama kansa. Ya dawo gida, mahaifiyarsa ta yi sadakar ƙosai, maƙwabta suka zo barka da arziki. Bayan mako 3 ko 4 ya sake haɗiyar ƙwaya. Me doka za ta yi da shi? A Amurka amsar tana cikin ƴar kwalbar fitsari da jami'in da ke lura da shi zai miƙa masa. A Matamaye amsar ta ratayu ne a kan ko sintirin jandarma ya rutsa da shi da ƙwayar a aljihu ko bai rutsa ba. Hanyoyin sun bambanta, amma sau da yawa wuri ɗaya suke sauke mutum, wato ƙofar da ya fito ta cikinta.

Ba kowace fita ce iri ɗaya ba

Jama'a kan ce "an sako wane" kawai, ba tare da sun tantance irin sakin ba, alhali a nan ne makomarsa take. Akwai wanda ya fito da afuwar shugaban ƙasa. Mafi shahara a ƴan shekarun nan ita ce ta watan Maris na 2020, lokacin da Shugaba Issoufou Mahamadou ya yafe wa fursunoni 1,540 sauran wa'adinsu saboda annobar korona, cikinsu har da ɗan adawa Hama Amadou. Wanda aka yafe wa ya gama da wancan hukuncin, babu wani sharaɗi da ke bin sa gida. Akwai wanda aka ba sakin wucin gadi yana jiran shari'a, shi kuwa ba a ma yanke masa hukunci ba tukuna. Akwai mai ɗaurin je-ka-gyara-halinka, wanda alƙali ya ambata masa watanni amma ya rataye su: a tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, idan aka sake samun sa da laifi cikin shekara 5, sai tsohon hukuncin ya faɗo masa, a haɗa masa da sabon.

Sai kuma sakin talala, wanda shi ne batunmu. Faransa ta shigar da shi dokarta a 1885, Nijar kuma ta ɗauke shi cikin kundin bin bahasin laifuka da ta kafa a watan Agusta na 1961, shekara guda bayan samun ƴancin kai. Ƙa'idarsa a ƙasashen da ke bin wannan tsari ita ce fursuna ya cinye wani kaso na wa'adinsa, galibi rabi, ko kashi 2 cikin 3 idan ya taɓa shiga a baya, ya kuma nuna alamun gyaruwa. Takardar neman ba a gidan kaso take ƙarewa ba, sai ta bi ta ma'aikatar shari'a a Yamai. Abin da mutane da yawa ba su fahimta ba shi ne wanda aka saka ta wannan hanya bai gama ɗauri ba. Yana ci gaba da cinye hukuncinsa ne a waje. Idan aka sake yanke masa hukunci, ko ya shahara da mugun hali, ko ya karya sharuɗɗan da aka gindaya masa, ana iya soke sakin, a mayar da shi ya ƙarasa abin da ya rage, duka ko wani ɓangare.

Ga wanda ƙwaya ta kai shi ciki, wannan na nufin ninki biyu. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 23 ga Satumba 1999, ba fatauci kaɗai ta hukunta ba, har da sha. Saboda haka kati ɗaya da aka samu a aljihunsa sabon laifi ne, kuma hujja ce ta soke sakin. Mai saura wata 8 a kansa zai iya wayar gari da wata 8 ɗin, da sabon hukunci a samansa, da kuma sunan wanda ya maimaita laifi, sunan da ke sa alƙali na gaba ya tsananta kuma ya nisanta shi daga wani sakin talalar.

Inda kwalba ke yanke hukunci

Amurka ce ta mayar da gwajin fitsari ginshiƙin sa ido kan waɗanda aka saka, don haka can ya kamata a leƙa a ga inda hanyar ke ɓullewa. A dokar tarayyarsu, wanda aka saka ƙarƙashin kulawa ana gwada shi cikin kwana 15 na farko, sannan a ci gaba da gwada shi lokaci zuwa lokaci. Faɗuwa sau ɗaya ba lallai ta mayar da shi kurkuku ba. Jami'in na iya yi masa kashedi, ya ƙara yawan gwajin, ya hana shi fitar dare, ko ya tura shi wurin magani. Amma dokar ta ce wanda ya faɗi fiye da sau 3 cikin shekara guda, ko ya ƙi yarda a gwada shi, kotu ta soke sakinsa, sai dai idan alƙali ya ga akwai shirin magani da ya dace a sa shi a ciki. Jihohi kuwa kowace da nata salon, wasu da sauƙi, wasu ba sani ba sabo.

Abin da wannan ya haifar ya ba su kansu mamaki. Wani rahoto da majalisar gwamnatocin jihohin ƙasar ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 45 cikin 100 na masu shiga gidajen yarin jihohi sun shiga ne saboda karya sharaɗin saki, kuma kusan kashi 25 cikin 100 ba wani sabon laifi suka aikata ba. Sun faɗi gwajin ƙwaya ne, ko sun makara zuwa wurin jami'i, ko sun sauya gida ba izini. Tsarin da aka ƙirƙira don rage cunkoso ya koma ɗaya daga manyan hanyoyin cika kurkuku.

Kotun ƙolinsu ta riga ta ce tun 1972, a shari'ar Morrissey da Brewer, ba a mayar da mai sakin talala kurkuku haka kawai. Sai an sanar da shi abin da ake tuhumarsa a rubuce, an nuna masa hujja, an saurari bakinsa. Wannan ya kare haƙƙin mutum, amma bai amsa tambayar ko mayarwar tana da amfani ba. A 2004 wani alƙali a jihar Hawai, Steven Alm, ya gwada wata dabara: a riƙa gwaji ba zato ba tsammani, duk wanda ya faɗi a kulle shi nan take, amma na ƴan kwanaki kawai, ya fito ya koma bakin aikinsa. Wanda ya yi ta faɗuwa sai a gane cewa shi ba gangancin ne ke damunsa ba, ciwo ne, a tura shi magani. Binciken farko a 2009 ya nuna raguwar shan ƙwaya sosai a tsakanin waɗanda aka sa cikin shirin. Da aka kwaikwayi shirin a wasu jihohi 4, sakamakon bai yi armashi kamar na Hawai ba, abin da ke nuna cewa dabara ba ta aiki ita kaɗai sai da mutanen da za su riƙe ta da gaskiya. Jihar Niyok kuma a watan Satumba na 2021 ta kafa dokar da ta rage mayar da mutane kurkuku kan irin waɗannan ƙananan saɓani, ta kuma ƙayyade zaman da kwana 30 mafi yawa.

Ƙasar da ta fi kowa kuɗi da kayan gwaji ta ɗauki shekaru tana cika kurkukunta kafin ta fara ja da baya. Mai karatu a Matamaye zai iya cewa wannan matsalar masu hali ce. Sai dai gwajin ya riga ya iso maƙwabta. A Najeriya, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, musamman tun da Buba Marwa ya karɓi ragamarta a Janairun 2021, tana ta kiran a riƙa gwada masu neman muƙami da ɗalibai da masu shirin aure. A Kano an mayar da gwajin sharaɗi ga ƴan takarar ƙananan hukumomi, kuma an samu waɗanda suka faɗi. Dokar gidajen gyaran hali ta Najeriya ta 2019 ta buɗe sashen hukuncin da ba na kulle ba, ciki har da sakin talala. Abin da ya zama yayi a Kano da Daura ba ya daɗewa bai tsallako Ɗan Barto ba, kuma ƴan sandunan gwajin nan ba su da tsada.

Abin da sandar gwaji ke gani da wanda ba ta gani

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin mutane suna ɗaukar gwajin kamar wahayi. Gwajin gaggawa da ake yi a ofis, wanda ake tsoma ƴar sanda cikin fitsari a jira layi ya fito, ba ainihin ƙwayar yake ganewa ba. Yana amsawa ne ga duk sinadarin da ƙirarsa ta yi kama da abin da ake nema. Shi ya sa yake kuskure ta fuska biyu.

Fuska ta farko, yakan ɗora wa marar laifi. Rifamfisin, ɗaya daga manyan magungunan tarin fuka, na iya sa sanda ta nuna kamar mutum ya sha dangin kodin. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ofuloksasin ma haka. Efabirenz, wanda masu ɗauke da cutar sida suka daɗe suna sha, an san yana iya nuna alamar wiwi a wasu nau'o'in gwajin. Yanzu a tuna su wane ne ke fitowa daga gidan kaso: mutanen da suka kwana a ɗaki mai cunkoso ba iska, inda tarin fuka ya fi samun wurin zama. Wanda ya fito yana shan maganin tari da likita ya rubuta masa shi ne ya fi kusa da a yi masa ƙazafi. Dokar tarayyar Amurka ta san da wannan, shi ya sa ta ce idan mutum ya musanta sakamakon kuma yana fuskantar ɗauri, dole a tabbatar da shi a babban ɗakin bincike da na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan na'urar ba kayan asibitin gunduma ba ce.

Fuska ta biyu ta fi ban dariya. Sandar da aka saba sayarwa don gano dangin kodin da hodar iblis da wiwi ba ta ganin tramol. Sai an sayo wadda aka yi musamman dominsa. Ke nan ana iya kashe kuɗi a kawo kwali-kwali na kayan gwaji Matamaye, mai shan tramol ya wuce sumul, mai jinyar tari ya faɗi. Kuma kasuwar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Bayan Indiya, inda yawancin ƙwayar ke fitowa, ta tsaurara dokarta kan tramol a 2018, sai aka fara shigo da wasu haɗe-haɗe na tafentadol da wani maganin sassauta jijiya ƙarƙashin sunaye irin su Tafrodol, kamar yadda binciken BBC ya fallasa a Fabrairun 2025. A titi duk "tramol" ake kiran su, amma a cikin fitsari abu ne dabam.

Akwai kuma batun lokaci. Tramol yakan ɓace daga fitsari cikin ƴan kwanaki. Wiwi kuwa, ga wanda ya daɗe yana sha kullum, alamarsa na iya kai wata guda. Wanda ya bar wiwi mako 3 da suka wuce zai iya faɗuwa, wanda ya haɗiyi ƙwaya ranar Litinin ya tsallake gwajin Asabar. Sandar ba ta faɗin yawan abin da aka sha, ba ta faɗin ko mutum yana ƙoƙarin bari ne ya yi tuntuɓe ko kuwa ya koma gadan-gadan. Waɗannan kuwa su ne tambayoyin da alƙali ke bukatar amsarsu.

Me ya sa suke komawa

Wanda bai san Kance ba zai ɗauka shaye-shaye a nan duk na holewa ne. Akwai na holewar, amma babban ɓangarensa na aiki ne. Gunduma ce mai yawan jama'a da ƙarancin gona, inda gado ke raba fili har ya koma abin da ba ya isa ciyar da gida. Shi ya sa mutanenta suka yi suna wajen tafiya ci-rani: Kano, Agadas, Libiya, da Aljeriya. Duniya ta ji sunan Kance a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka gano gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya, akasarinsu ƴan wannan yankin. Samari kuwa, tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, wasu suka nufi ramukan haƙa. A rami, a gonar rake, a kan babur daga asuba zuwa dare, abin da za ka ji shi ne "ba don maye nake sha ba, don ƙarfin aiki ne." Mai shayi ya san wanda ke jefa ta cikin kofi.

A likitance tramol maganin ciwo ne, kuma iyakar da ake ba babba a yini ita ce miligiram 400, a rarrabe. Na kasuwar bayan fage kuwa ƙwaya ɗaya takan ɗauki 200 ko 225 ko 250, ga mai haɗiyar 3 ko 4 a tashi ɗaya. Daga nan ne ake samun faɗuwa da shure-shure kamar farfaɗiya, wanda sau da yawa ake ɗora wa iska. Idan jiki ya saba sannan aka yanke masa, sai ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci da baƙin rai su taso. Gidan kaso na iya raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci, idan ma ya raba ɗin, amma ba ya koya masa yadda zai yi dako ko ya yini kan babur ba tare da ita ba. Ranar da ya fito, bashin da iyali suka ci don kai masa abinci yana jiransa, babur ɗin an sayar, budurwar an ba wani, kuma mutanen da za su karɓe shi hannu biyu ba tare da gori ba su ne ƴan fadar da ya bari. Fim ɗin Zinder na Aisha Maki, wanda ya fito a 2021, ya nuna rayuwar irin waɗannan matasa a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, da yadda shiga kaso da fita ya zame musu kamar zuwa kasuwa.

Masu binciken jarabar ƙwaya sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka yi magani sukan sake komawa aƙalla sau ɗaya. Wannan ga waɗanda suka samu maganin ke nan. To ina ga wanda bai taɓa ganin likita ba? Dokar da ta ce tuntuɓe ɗaya ya isa a soke saki, ta riga ta san cewa za ta mayar da kusan rabi.

Akwai wani hatsari da iyaye ba su cika sani ba, kuma ya kamata a faɗe shi a kowane gida. Wanda ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka. Idan ya fito ya haɗiyi adadin da yake sha a da, zai iya sumewa ko numfashinsa ya tsaya. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan fursunonin da aka saka a jihar Washinton ya gano cewa a mako 2 na farko bayan fita, hatsarin mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Ƙwayoyin can ba irin na nan ba ne, amma yadda jikin ɗan Adam ke aiki ɗaya ne. Duk lokacin da aka mayar da mutum ciki aka sake fito da shi, an sake jefa shi cikin waɗannan makonni biyu.

Idan gida ya gaji

Ko da hukuma ba ta kama shi ba, akwai hukuncin unguwa. Ido ya yi ja, magana ta yi nauyi, an gan shi a inda aka hana shi zuwa. Uba ya tara ƴan uwa, a je gaban mai unguwa ko mai gari: "Ranka ya daɗe, yaron nan ya fi ƙarfinmu." Wani lokacin uban da kansa ne zai kai ƙara wurin jandarma, yana ganin gara kaso da abin kunya. Wani kuma zai ɗaure shi a mota zuwa gidan mari. Mutanen Matamaye ba sa bukatar a ba su labarin nesa kan wannan. A watan Oktoba na 2019 ƴan sandan Najeriya suka shiga wani irin wannan gida a Daura suka fito da mutum 67 cikin sarƙa, makonni kaɗan bayan an fito da fiye da 300 daga wani a Rigasa ta Kaduna. Iyayen da suka kai ƴaƴansu can ba mugaye ba ne. Sun rasa inda za su kai su ne. Sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Damagaram yana da nisa ga talakan ƙauye, kuma sunansa kaɗai yana korar mutane, domin ba wanda ke son a ce ɗansa ya haukace.

Malamanmu suna da abin faɗa a nan fiye da yadda suke faɗa. Haramcin abin maye ba shi da jayayya. Amma fiƙihun da ya tsananta kan maye shi ne kuma ya ce ana kawar da haddi idan akwai shubuha, ƙa'idar da ta dace ƙwarai da sandar gwajin da maganin tari ke iya ruɗawa. Kuma a cikin Buhari akwai labarin sahabin da aka yi ta kawo shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya tsine masa don yawan maimaitawa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Huɗubar da ta tsaya kan tsinuwa ta bar rabin darasin.

Kuɗin da ake zubarwa

Ko da an ajiye tausayi gefe, lissafin bai fita ba. Gidajen kason Nijar sun cika sun batse, fiye da rabin mutanen ciki ba a ma yanke musu hukunci ba, kuma askarawan ƙasa da ke gadinsu suna da wani aikin a fagen daga. Kowane ɗan tramol da aka mayar ya cinye wata 8 ya tare wurin da ya kamata a ajiye wanda ya shigo da kwalayen ƙwayar. Manyan kamun da hukumar yaƙi da fataucin ƙwayoyi ta Nijar, OCRTIS, ta yi, irin tan 17 na tabar wiwi da aka kama a Yamai a watan Maris na 2021, sun nuna girman masu harkar. Ba su ne ke cika ɗakunan Matamaye ba.

Kuma ba sai an ƙirƙiro sabon abu daga sama ba. A ranar 31 ga Maris 2017 Nijar ta kafa dokar aikin amfanin jama'a a madadin ɗauri, tare da dokar da ta shimfiɗa ƙa'idojin tafiyar da gidajen kaso. Ƙa'idojin Tokiyo na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1990, sun bayyana cewa gazawar hukuncin da ba na kulle ba bai kamata ta zama dalilin kullewa kai tsaye ba, sai an nemi wata hanyar an rasa. Yarjejeniyar yaƙi da fataucin ƙwayoyi ta 1988 ita kanta ta bar wa ƙasashe damar ba mai sha magani a madadin hukunci. Kwamitin Afirka ta Yamma kan ƙwayoyi, wanda Kofi Annan ya kira kuma Olusegun Obasanjo ya jagoranta, ya ba da shawara a 2014 cewa a ɗauki shan ƙwaya a matsayin matsalar lafiya. Gana ta bi wani ɓangare na shawarar a 2020, ta mayar da hukuncin mai riƙe da ƙwaya don shan kansa tara maimakon ɗauri.

Ban ce a bar wanda ya karya sharaɗi ya tafi salin-alin ba. Sharaɗin da ba a hukunta karya shi ba sharaɗi ba ne, kuma wanda ya koma sayarwa, ko ya hau babur a buge ya take yaro, wurinsa kaso ne. Amma wanda laifinsa kawai shi ne jikinsa ya rinjaye shi, hukuncin da ya dace da shi shi ne na kusa, mai sauri, mai ɗan gajeren zango: ƙarin zuwa sa hannu, sharar kasuwa ko asibiti na wasu kwanaki, tilasta masa ganin ma'aikacin lafiya, da sa wani dattijo na gida ya tsaya masa. Kullewa ta zo a ƙarshe, kuma kada ta cinye duk sauran wa'adin a kan tuntuɓe ɗaya.

Gwajin fitsari zai iso, ko ta hannun hukuma ko ta hannun wata ƙungiyar agaji mai kyakkyawar niyya. Kafin kwalin farko ya sauka, ma'aikatar shari'a da ta lafiya su rubuta a fili abin da zai biyo bayan faɗuwa: a tambayi mutum magungunan da yake sha kafin a gwada shi, kada a soke sakin kowa da sakamakon sanda kaɗai sai an tabbatar a ɗakin bincike, a saurare shi gaban alƙali, kuma a horar da ko da ma'aikacin jinya biyu a asibitin gundumar Matamaye kan yaye mutum daga tramol. Iyayen da ɗansu ke shirin fitowa kuma, ku sa masa ido sosai a mako 2 na farko, ku gaya masa ƙarara cewa adadin da yake sha a da yanzu zai iya kashe shi, kuma idan kun gan shi ya faɗi yana shure-shure ko numfashinsa ya yi ƙasa, asibiti za ku nufa da shi nan take.